Gyambon Koniya a Idon Mai Keratokonas: Ɗigo, Haske, Gam ko Dashe?

Mai fama da keratokonas, cutar da ke sa tantanin gaban ido ya yi siriri ya turo gaba, ya saba da gani dishi-dishi, ya saba da sauya tabarau a kai a kai, kuma ya saba da ganin fitila ɗaya ta rabu gida biyu ko uku da dare. Abin da bai saba da shi ba shi ne ya wayi gari idon ya yi ja, yana zogi, yana zubar da hawaye, ba ya son haske, sannan ga wani farin tabo ya bayyana a kan baƙin idon. Daga wannan safiya ce shi da likitansa za su shiga jerin zaɓuɓɓuka, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana da lokacin da yake ceton ido da lokacin da yake ƙara masa ɓarna.

Koniya ita ce tantanin nan garai-garai mai kama da gilashin agogo da ya rufe baƙin ido ta gaba, kuma kaurinta a tsakiya bai wuce rabin milimita da 'yar ɗoriya ba, wato kimanin maikiron 540. A keratokonas wannan kauri yana raguwa, koniyar ta turo gaba ta yi tsini kamar mazurari, har a idon da cutar ta yi nisa kaurin tsinin kan sauka ƙasa da maikiron 400. Ita keratokonas ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba, kuma da kanta ba ta haifar da gyambo, amma tana buɗe masa ƙofofi da yawa: gilashin mannawa mai tauri, wato ɗan gilashin da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido a madadin tabarau, da ke gugar tsinin koniya, murzar ido saboda ƙaiƙayi, aikin ƙarfafa koniya da ake kankare mata fatar sama, zoben roba da ake sakawa cikin namanta, da ɗinkin da ya saki bayan dashe. Gyambon da koniya mai cikakken kauri za ta jure na kwanaki yana iya huda wadda ta riga ta yi shara-shara tun kafin magani ya fara aiki, shi ya sa jinkirin da za a yafe wa wani ido ba a yafe wa wannan.

Zaɓi na farko ba tsakanin magunguna yake ba. Tambayar ita ce shin farin tabon gyambo ne ma ko kuwa wani abu ne mai kama da shi, domin kama da wane ba ta wane. Abin da ya fi rikitar da mutane shi ne kumburin ruwa na koniya, wanda likitoci ke kira haidrofs, kuma yana samun kimanin mutum 2 zuwa 3 cikin 100 na masu keratokonas, musamman matasa masu yawan murza ido. A nan wani siririn tantani na can cikin koniya, wanda ake kira tantanin Desimet, shi ne ke tsagewa, sai ruwan cikin ido ya kwararo cikin namanta, ta yi fari fat kamar an shafa madara cikin sa'o'i kaɗan. Gani yana faɗuwa farat ɗaya, hankali ya tashi, amma babu ƙwayar cuta a ciki, kuma galibi babu kwantsa mai kauri irin ta mugunya. Yawancin irin wannan kumburi yana sacewa da kansa cikin wata 2 zuwa 4, ana taimaka masa da ɗigon ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 da ɗigon da ke hutar da jijiyar ɗan ido don rage zogi. Likita yana iya zura kumfar iska ko wani gas cikin ido domin ta danne tsagar, ko ya yi 'yan ɗinki masu matse wurin. Kumfar tana gajarta tsawon kumburin, sai dai ba ta cika sauya ƙarfin ganin da za a samu a ƙarshe ba, tana buƙatar mutum ya riƙa kwanciya rigingine, kuma tana iya ɗaga matsin ido, don haka ta fi dacewa da kumburi mai faɗi da ya kusa kaiwa gefen koniya, inda jijiyoyin jini za su iya kutsowa idan ya daɗe.

Akwai kuma gyambon da ƙaiƙayin ido mai tsanani ke haifarwa ga yara da matasa, wanda yakan fito a saman koniya da siffar garkuwa, sakamakon gugar ƙuraje da suka fito a cikin fatar idon ta sama. Wannan miki ne na gaske, amma asalinsa kumburi ne ba ƙwayar cuta ba, kuma maganinsa shi ne ɗigon sitiroyid, wato maganin da ke kwantar da kumburi, tare da saiklosiforin ko takrolimas, wani lokaci a kankare ɓawon da ya daskare a kansa. To, wannan sitiroyid ɗin da ke warkar da shi, shi ne kuma ke ciyar da gyambon fangas, wato ƙwayar cuta dangin funfuna, gaba har ya cinye koniya. Wanda ya ɗauko ragowar kwalbar da aka rubuta masa bara saboda ƙaiƙayi ya ɗiga a kan sabon tabon da ba a tantance ba, ya yi caca da ganinsa ne, kuma abin takaicin shi ne jan idon zai ragu na kwana biyu ko uku har ya zaci yana samun sauƙi.

Idan an tabbatar akwai ƙwayar cuta, sai a zo kan ko a fara magani kai tsaye ko a kankaro ɗan samfuri daga bakin mikin a kai ɗakin gwaji. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma gaskiya ne ƙwararre yakan yi hasashe daga kamannin gyambo: na bakteriya yakan zo da sauri da mugunya da gefe a fayyace, na fangas yakan yi busasshen fari mai gefe kamar gashin tsuntsu da 'yan tabbuna a kewaye, na amiba kuwa, wata 'yar halitta da ke rayuwa a ruwa, yakan zo da zogin da ya fi ƙarfin abin da ake gani. Amma kimar ido kaɗai tana yin kuskure sau da yawa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ƙaramin gyambo da ke gefe ana iya fara masa magani ba gwaji, amma wanda ya wuce milimita 2, ko yake tsakiya, ko ya yi zurfi, ko ya ƙi jin magani, dole ne a kankare shi. A keratokonas tsinin yana tsakiya ko ɗan ƙasa da tsakiya, kuma a nan ne gyambon ya fi fitowa, saboda haka a ganina gwaji ya fi kusa da wajibi a wannan ido, muddin hannun da zai kankare ya san yadda wurin ya yi shara-shara. Ba a jiran sakamako kafin a fara ɗigo, ana ɗaukar samfurin ne a fara magani a zama ɗaya, kuma yana da amfani majiyyaci ya tafi da gilashin mannawarsa da akwatinsa da ruwan wankinsa, domin sau da yawa ƙwayar cutar tana nan a cikinsu.

Ga gyambon bakteriya, hanyoyi biyu ne ke gogayya. Ta farko ɗigo ɗaya ne daga dangin fuluwarokwinolon, kamar moksifloksasin ko ofloksasin ko siprofloksasin, wanda ake samu a haɗe cikin kwalbarsa, ba ya yawan ƙuna, kuma ba shi da wahalar ajiya. Ta biyu ita ce ɗigo biyu masu ƙarfi da ake haɗawa musamman a asibiti, misali bankomaisin ko sefazolin domin dangin Sitafilokokas, tare da tobramaisin ko seftazidim domin Sudomonas, ƙwayar da ta fi addabar masu sa gilashin mannawa kuma take iya narkar da koniya cikin kwana biyu ko uku. Gwaje-gwajen da aka kwatanta hanyoyin biyu sun nuna cewa a gyambo ƙarami ko matsakaici ba su da wani bambanci a zo a gani wajen warkarwa. Haɗin asibiti ya fi faɗin kariya kuma shi ake fifitawa ga gyambo babba da ke barazana ga tsakiyar gani, amma yana ƙuna, yana buƙatar firji, yana lalacewa cikin ɗan lokaci, kuma idan aka daɗe a kansa yana hana fatar koniya rufewa. Abin da mutane ba su cika shiryawa ba shi ne yawan ɗigawar: a kwana biyun farko ana ɗigawa kowace awa, dare da rana, wanda ke nufin saita ƙararrawa da tashi daga barci. Duk wanda ya san ba zai iya wannan shi kaɗai ba, ko wanda idon nan ne kaɗai yake gani da shi, kwanciya a asibiti ta fi masa zaman gida.

Fangas lamarinsa daban ne, kuma a nan akwai hujja mai ƙarfi. Wani babban gwaji da aka yi a kudancin Indiya kan majiyyata 323, aka wallafa a 2013, ya kwatanta natamaisin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 da borikonazol, wanda shi ne sabon magani a lokacin kuma ake sa masa rai, sai aka tarar tsohon ya fi shi samar da gani mai kyau kuma ya fi rage hujewar koniya, musamman idan fangas ɗin Fusariyam ne. Saboda haka natamaisin ne ke gaba ga fangas mai zare, amfoterisin B kuma ga nau'in fangas da ake kira Kandida. Maganin yana ɗaukar makonni, ba kwanaki ba. Amiba irin ta Akantamiba, wadda ke shiga ta hanyar wanke gilashin mannawa da ruwan famfo ko yin wanka da iyo da shi a ido, ita ta fi duka taurin kai domin tana rufe kanta cikin ƙwanso, kuma ana yaƙarta da kloheksidin ko PHMB na tsawon watanni. Bairas ɗin hafis kuwa asaiklobir ko gansaiklobir ke maganinsa, kuma sanin cewa mutum ya taɓa yin sa yana da muhimmanci ga zaɓin da zai zo a gaba.

Kafin nan, sai an tsaya kan sitiroyid, domin shi ne abin da aka fi jayayya a kai. Masu goyon bayansa suna cewa ba ƙwayar cuta kaɗai ke cin koniya ba, har da martanin da jiki ke mayarwa, kuma hakiyar da ke saura bayan an warke ita ce ke toshe gani. Masu tsoronsa suna cewa yana kwance wa ido ɗamara, yana jinkirta rufewar miki, kuma yana iya hanzarta narkewa. Gwajin da aka yi kan majiyyata 500 a Indiya da Amurka, wanda aka wallafa a 2012, ya ƙara sitiroyid bayan awa 48 ana ɗiga moksifloksasin a gyambon da aka tabbatar na bakteriya ne, kuma bayan wata 3 bai samu bambanci a gani ba idan aka haɗa kowa da kowa, ko da yake waɗanda gyambonsu ya fi muni kuma yake tsakiya sun ɗan amfana, masu bakteriyar da ake kira Nokadiya kuma sun cutu. Abin da za a ɗauka daga nan shi ne sitiroyid ba haramun ba ne kuma ba dole ba ne. Yana da wuri bayan an san ƙwayar, an ga tana ja da baya, an kuma kawar da zargin fangas da amiba, sannan a koniya mai keratokonas da ta riga ta yi siriri ya kamata a fi jan ƙafa a kansa fiye da ko'ina.

Masu keratokonas da yawa sun san aikin ƙarfafa koniya da haske, ko an yi musu ko an ba su shawararsa, don haka sukan tambaya ko zai yi maganin gyambo. An samo wannan hanya ne a Dresden ta ƙasar Jamus, inda Gregor Wollensak da Eberhard Spoerl da Theo Seiler suka wallafa sakamakonta a 2003: ana kankare fatar koniya ta sama, a jiƙa ta da ribofilabin, wato bitamin B2, na minti 30, sannan a haska mata hasken ultrabayolet na wasu minti 30, wanda ke ƙulla zaren kolajin, wato zaren da naman koniya ya ginu da su, da juna har naman ya yi tauri. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita domin keratokonas a 2016. Da yake haɗuwar ribofilabin da wannan haske tana kashe ƙwayoyin cuta kuma tana sa koniya ta fi jure narkewa, sai aka fara gwada ta a kan gyambo. A takarda abin kamar jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya ne ga mai keratokonas, amma a aikace yana da iyaka uku. Hasken ba ya ratsawa da nisa, saboda haka gyambo mai zurfi ya fi ƙarfinsa. Tsarin asali yana buƙatar kaurin da bai gaza maikiron 400 ba domin kare ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a bayan koniya, waɗanda ba sa sake tsirowa idan sun mutu, kuma tsinin keratokonas da gyambo ya ci da wuya ya kai wannan kauri. Sannan hasken yana iya tayar da bairas ɗin hafis da ke kwance. Ƙari a kan haka, wani gwaji da aka yi a Indiya kan gyambon fangas, aka wallafa a 2020, bai ga amfanin ƙara hasken a kan ɗigo ba, hasali ma ganin waɗanda aka yi wa ya ɗan fi rauni. Inda ya fi nuna alheri shi ne ƙaramin gyambon bakteriya da ke sama-sama. A ra'ayina mataimaki ne ga ɗigo a wasu idanu da aka zaɓa da kyau, ba madadinsa ba, kuma idan manufar ita ce tsayar da keratokonas, gara a jira gyambon ya warke sarai a yi aikin a natse.

Idan koniya ta fara narkewa ko ta huje, magana ta koma kan ceton ƙwayar idon kanta. Alamar da majiyyaci kan lura da ita ita ce zubowar ruwa mai ɗumi farat ɗaya, wani lokaci tare da raguwar zogi da ke yaudara. Hujin da bai wuce milimita 2 ba ana iya toshe shi da gam na tiyata irin na sayanoakrilet, a ɗora gilashin mannawa mai laushi a kai a matsayin bandeji, aikin 'yan mintuna ne, kuma gam ɗin yakan faɗi da kansa bayan naman da ke ƙarƙashinsa ya cike. Tantanin mabiyiya, wanda ake tacewa a adana daga haihuwar tiyata, yana taimakon mikin da ya ƙi rufewa kuma yana kwantar da kumburi, sai dai ba shi da ƙarfin riƙe huji babba. Janyo tantanin farin ido a lulluɓe koniya da shi yana kawo jini wurin yana kashe zogi, amma yana rufe gani, shi ya sa aka fi ajiye shi ga idon da aka riga aka fid da rai da ganinsa. Dukkansu sayen lokaci ne, kuma lokacin da suke sayen yana da daraja ƙwarai saboda dalilin da ke tafe.

Dashen koniya, wanda Eduard Zirm ya fara yin nasararsa a 1905, yana da fuska biyu da suka sha bamban. Dashen da aka yi wa mai keratokonas a ido mai lafiya, ba ja ba kumburi, yana cikin dashen da suka fi daɗewa a duk fannin tiyata, domin bayanan da aka tattara a Ostareliya sun nuna kusan 9 cikin 10 suna nan garau bayan shekara 10. Dashen da aka yi cikin gaggawa, ido na ci da wuta, ba ya kusa da wannan: dole a yanko da faɗi domin a kewaye duk inda cutar ta kai, jiki ya fi saurin ƙin sabon naman, matsin ido yana iya hawa, ƙwayar cutar tana iya dawowa a bakin ɗinki, kuma idan fangas ne ba za a iya fara sitiroyid ɗin da ke kare dashen nan da nan ba. Duk da haka, idan hujin ya fi ƙarfin gam, ko gyambon yana ci gaba zuwa farin ido duk da magani, jinkirta wannan dashe ya fi yin sa haɗari, domin cutar da ta shiga can cikin ido tana iya sa a rasa shi ɗungurungum. Koniyar da aka dasa a irin wannan hali ko da ta dushe daga baya ta gama aikinta, kuma ana iya sauya ta idan ido ya huce.

Ga wanda ya warke ya saura da hakiya, akwai sauran kwatanci tsakanin dashen cikakken kauri da dashen da ke barin tantanin Desimet na majiyyaci a wurinsa. Na biyun, wanda Mohammed Anwar ya sauƙaƙa a 2002 ta hanyar raba shimfiɗun koniya da babbar kumfar iska, ya kawar da mafi munin nau'in ƙin dashe domin ƙwayoyin halittar bayan koniya na mutum ne da kansa, kuma idon ya fi jure bugu. Amma yana buƙatar tantanin ya kasance lafiya, saboda haka wanda ya taɓa yin kumburin ruwa, ko wanda gyambonsa ya huje, sau da yawa cikakken dashe ne ya rage masa, ko kuma likita ya bi shimfiɗun da hannu a hankali. A kowanne, ɗinkin yakan zauna shekara ɗaya ko fiye, kuma mutane da yawa suna komawa ga tabarau ko gilashin mannawa bayan an cire shi.

Wannan ne ya sa bai kamata a yi gaggawar shiga layin dashe da zarar gyambo ya rufe ba. Hakiya tana dusashewa a hankali cikin watanni, wani lokaci har shekara, kuma tabon da kumburin ruwa ya bari yakan ja tsinin koniya ya ɗan baje, har gilashin da ya ƙi zama a da ya zauna. Babban abin da ke rage gani a irin wannan ido ba duhun tabon ba ne kaɗai, har da rashin daidaiton fuskar koniya, kuma gilashin mannawa mai tauri yana gyara wannan. Wani gilashin mannawa mai faɗi da ke zama a kan farin ido ya tsallake koniya gaba ɗaya, da tafkin ruwan gishiri a tsakaninsu, ya fi ƙaramin mai tauri dacewa da wanda guga a tsini ta jawo masa miki, domin ba ya taɓa wurin ko kaɗan. Yana da nasa sharuɗɗan: ruwan da ake cika shi da shi dole ya zama marar sinadarin adanawa, ba a kwana da shi, ba ya haɗuwa da ruwan famfo, kuma tsohon gilashin da akwatin da aka yi gyambo da su zubar da su ake yi. Ana gwada shi ne bayan fatar koniya ta rufe tsaf kuma likita ya dakatar da maganin ƙwayar cuta, kuma idan da shi mutum ya iya karatu da tafiyar da aikinsa, to maganar dashe tana iya jira, a ci gaba da auna taswirar koniyar idanun biyu lokaci-lokaci tare da maganin ƙaiƙayin da ke kai hannu ga ido.